Ranar da Amarya ta Lallashe Ni

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da aka kai Hajara gidan mijinta a Guri ba. Ko na so in manta, matan gidanmu ba za su bari ba.

Bari in ɗauko daga farko, don ba na son labari a hargitse. Tun ina budurwa ƙashin bayana ya karkace, kafaɗar dama ta ɗara ta hagu. Na rufe da mayafi, na yi aure, na haihu, na ci gaba da sana'ata ta turara shinkafa a Haɗeja, ban taɓa yarda wani ya yi mini sannu a kai ba. Sai da na haura arba'in ƙafar hagu ta fara mutuwa idan na daɗe tsaye a gaban tukunya. Likita a Kano ya ɗaga hoton ƙashin, na ga bayana ya lanƙwashe kamar kogi a fadama. Ya ce sai tiyata, za a sa ƙarafa a miƙar da abin da zai miƙu. In kuma aka bari, wata rana ƙafar ba za ta ɗauke ni ba. Aka sa Larabar da ke bayan bikin Hajara.

Na ce masa to. A raina kuwa na riga na yanke ba zan koma ba. Ina tsoron a yi mini allurar barci in ƙi farkawa. Ina tsoron in farka ƙafafun su ƙi motsi. Abin da ya fi duka, ina tsoron a gane ina tsoro. (Ni ce fa wadda yaran gida ke gyara zama da sun ji takuna.) Maigidana kaɗai ya sani, shi ma na hana shi faɗa.

Hajara 'yar ƙanena ce, ni ce babbar goggonta, don haka ni ce mai yi mata nasiha kafin a fita da ita. Kun san yadda ake yi. Amarya a lulluɓe tana kuka, mata sun cika ɗaki, dangin ango sun matsu a kama hanya saboda hadari ya haɗo, hanyar Guri kuwa ba a wasa da ita da damina. Na gyara zama, na haɗe rai.

"Na farko," na ce, "ki riƙe salla. Na biyu, ki riƙe sirrin mijinki. Na uku, in ciwo ya same ki, kada ki ɓoye, ki..."

Nan murya ta maƙale. Na yi gyaran murya, ta ƙi fita. Bayana ya ɗau zafi. Sai kawai na ji bakina yana cewa, "Na huɗu, in kin ji ban dawo daga Kano ba, babbar tukunyata taki ce. Ku yafe mini, jama'a! Tsaga mini baya za su yi!" Na fashe da kuka, ba irin na manya ba, mai ƙara, har da majina.

Amarya ta daina nata kukan, ta yaye lulluɓi.

"Goggo, wa zai tsaga ki?"

Ta rungume ni tana bubbuga kafaɗata, tana share mini fuska da mayafin amarcinta. Wata daga dangin ango ta leƙo ta ce, "Wai wacce za mu ɗauka a cikinsu?" Aka kwashe da dariya. Da ƙasa ta buɗe a lokacin, da na shige.

Iya Falmata, ƙanwar mahaifiyata, ita kaɗai nake shakka a duniya. Ta buga sandarta a ƙasa.

"Ke, share hancinki ki yi mana bayani."

Na yi, tiryan-tiryan, ina shessheƙa.

"Yaushe ne ranar?"

"Laraba, Iya. Amma na fasa."

"Kin fasa? Yanzu bakin nan naki ya gama ce wa yarinya kada ta ɓoye ciwo. To ji tawa nasihar, tunda jere kike so. Na farko, za ki je. Na biyu, ni zan kai ki. Babu na uku."

Ranar Laraba mota ta cika da mata, aka fito da ni a lulluɓe ina hawaye. Wata mara kunya har da rangaɗa guɗa. Tsoron bai tafi ba, da shi aka tura ni ɗakin tiyata, Iya na biye tana addu'a har ƙofa. Da na farka likita ya ce in motsa yatsun ƙafa. Na rufe ido, na gwada. Suka motsa.

Yau ina tsayawa a gaban tukunyata, wadda Hajara ke aiko tambayar yaushe za a kai mata. Na koyi cewa tsoron da ka danne shi zai zaɓi ranar fitowarsa, kuma sai ɗaki ya cika yake fitowa. Har yanzu ana kira na nasihar amare. Daga na biyu nake tsayawa.