Gaisuwa Daga Kan Ɗorawa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na gai da surukina daga saman bishiya ba. A lokacin ina koyarwa a elementare ta Birnin Gwari, zamanin En'e, ina kuma ganin kaina wayayye saboda na mallaki kyamara. Wata 'yar akwati ce baƙa da wani Baturen gandun daji ya bar mini da zai koma ƙasarsu, wataƙila don ya huta da tambayoyina.

Mutane sun so in riƙa ɗaukarsu a tsaye cikin manyan riguna. Ni kuwa ƙananan halittu suka ɗauke mini hankali: fiffiken fara, jijiyar ganye, gara ɗauke da ƙasar ginin da ta fi ta girma. Sai dai akwatin nan ba ta ganin abin da ke kusa da hancinta. Na ciro gilashin wani tsohon tabarau na ɗaure mata a ido da zare, ina auna tazara da igiya mai tsawon kamu ɗaya. Fim kuwa sai an ba direban lori ya kai Kaduna a wanke, ka yi ta zuba ido har ka manta abin da ka ɗauka. Na farko da suka dawo, duk hazo ne (ɗalibaina sun yi mini kara, suka ce ya yi kama da kunu).

Da bazara ta kawo kai, ɗorawa ta yi fure. Wanda bai taɓa tsayawa ya dubi furen ɗorawa ba ya yi asara: jan dunƙule ne yana reto a dogon sili, kamar tuntun hular dara, zuma na kewaya shi. Na ƙudura sai na ɗauki zuma a kansa. Na sami wata bishiya a bakin daji, kan hanyar Randagi, na tuɓe takalmina a gindinta, na naɗe riga na hau.

Na daidaita a kan reshe, na auna igiya, na riƙe numfashi. Iska ta kaɗa furen, na jira. Zuma ta sauka ta tashi, na jira. Ina cikin wannan jiran na ji muryoyi a ƙasa. Surukina ne (ba zan kama sunansa ba, ko a takarda) tare da amininsa Malam Tanko, mutumin da bai taɓa barin abin dariya ya wuce shi ba. Sun fito daga gona, suka shimfiɗa buzu a inuwar, daidai ƙarƙashina.

Mai karatu ya san ƙa'ida. Suruki, ko daga nesa ka hango shi, sai ka tuɓe takalmi ka durƙusa, kanka ƙasa da nasa. Takalmi dai na riga na tuɓe. Saura durƙuso, ga ni kuwa tafin ƙafata na saman rawaninsa. In sauko, ta kansa zan bi. In yi shiru, na zama mai laɓe. Cinnaku kuma suka zaɓi wannan lokacin suka shiga wandona.

Malam Tanko ya ɗauki takalmin yana jujjuyawa, ya ce a duk garin nan mutum ɗaya ya sani mai irin wannan na kanti. Sannan ya ɗaga kai, muka haɗa ido.

Da na yi shiru, da wataƙila ya rufa mini asiri. Amma tarbiyya ta rinjayi hankali. Na tattara gwiwoyi a kan reshen, kyamara na reto a wuyana, na ce, "Barka da hutawa, Baba."

"Malam, ai ba ka kai ƙasa ba," in ji Malam Tanko. "Ƙara durƙusawa."

Surukina bai ɗaga ido ba. Ya amsa gaisuwar yana duban buzunsa, ya tambayi mutanen gida kamar a zaure muke. Sannan ya ce wa amininsa inuwar nan ba ta yi masa ba, su ƙara gaba. Yana naɗe buzun ya ƙara da cewa, "Tanko, in ka ga mai takalmin, ka ce masa reshen ɗorawa ba shi da amana. Ya sauko a hankali."

Har ya bar duniya bai sake tayar da zancen ba. Malam Tanko ne ya ɗauke masa wannan nauyin, a kasuwa da wajen suna.

Da hotunan da na ɗauka a ranar suka dawo, ɗaya tak ya fita. Zuma ce a kan furen, ƙafafunta dumu-dumu da gari, kowane silin gashin bayanta a tsaye. Maiɗakina ta kai shi gidansu ba da sanina ba. Ta ce tsohon ya daɗe yana dubawa a bakin zaure, can ya ce, "Ashe har gashi Allah ya yi mata." Bai dawo da hoton ba, ni kuma ba ni da bakin tambaya.

Na ci gaba da ɗaukar ƙananan halittu shekaru da yawa, amma na koma kan waɗanda ke tafiya a ƙasa. Su dole a durƙushe ake ɗaukarsu, kowa ya iso ya tarar da kai cikin ladabi.