Gyaran Muryar Shaukat Bey

Garinmu bai taɓa haifar mutum kamar Shaukat Bey ba, kuma shi da kansa ya sha faɗar haka. Bey laƙabin manya ne a wurinmu. Shi ne shugaban kwamitin tituna da kwatami, mutum mai kamun kai wanda bai taɓa buɗe baki ya nemi cin hanci ba. Idan ɗan kwangila ya zauna gabansa, Bey yakan gyara zaman jar dararsa, ya dubi rufi, sannan ya yi gyaran murya: doguwa mai gurnani, da 'yar gajeriya a bayanta kamar ɗan akuya na bin uwarsa. Mai hankali ya gane. Kafin la'asar kwandon tattabaru ko tulun man shanu ya isa ƙofar baya. Mukan kira shi Zakin Kwatami, a bayan idonsa, don kada yabo ya ɓata shi.

Shekarar da majigi ya fara magana aka kawo mana sabon fim ɗin Anis Fanus daga Alƙahira. Kowa ya san Fanus. Shekara da shekaru yana faɗawa rijiya, yana tsere wa 'yan sanda, ba wanda ya taɓa jin muryarsa. Wannan karon ya fito a ɗan majalisar gari mai sayar da gadar da ba a gina ba. A da duk ɓarayin fim kamarsu ɗaya, tumbi da gashin baki da dara, kowane babba sai ya ɗauka da maƙwabcinsa ake. Yanzu kuwa ɓarawon ya sami maƙogwaro. Da aka zo wurin karɓar kyauta, Fanus ya dubi sama ya yi gyaran murya, doguwa da gajeriya.

Shaukat Bey na zaune a kujerar manya. Ya kumbura, ya shirya fushin da zai yi idan aka juyo ana kallonsa. Sai wani daga benci mai araha ya ce wallahi wannan Ra'fat Bey ne. Ɗaki ya ɗauka da dariya.

Ra'fat Bey, na kwamitin fitilu. Yaron jiya, wanda bai fi shekara biyu da fara cin amanar jama'a ba.

A makon nan kwanduna suka canza hanya. 'Yan kwangila mutane ne masu lura. Tunda har Alƙahira ta san da Ra'fat, to shi ne mai gari a hannu. Ƙofar bayan Zakin Kwatami ta koma wurin kwanan kyanwoyi.

"Yau wake ne, Bey," in ji matarsa Nafusa Hanim. "Gobe ma wake. Ko za ka je ka yi wa tukunyar gyaran murya?"

Bey ya tafi gidan gahawa don ya tuna wa gari asalin abin. Ya zauna tsakiya, ya dubi rufi, ya saki wadda ta fi kowacce kyau a rayuwarsa. Masu wasan dara suka tafa masa. Wanzamin unguwa ya ce bai taɓa sanin Bey ya iya kwaikwayo haka ba, sak Ra'fat, sai dai ƙarshen na buƙatar ɗan gyara.

Washegari Bey ya kai Fanus ƙara kan ɓata suna. Lauyansa ya ja shi gefe ya ce kafin kotu ta yarda an ɓata masa suna, sai ya tabbatar da cewa ɓarawon cikin fim shi ne. Bey ya ce to ai abin da ya kawo shi ke nan.

Ranar shari'a ya sa kwat ɗin bukukuwa. Ra'fat Bey ya aiko da saƙon cewa shi bai san komai ba, maƙogwaronsa ma lafiya lau. Shaukat ya miƙe.

"Karon farko ke nan da Ra'fat ya faɗi gaskiya, ranka ya daɗe. Wannan yaro ko ƙusa bai iya ɗauka ba sai an riƙe masa tsani. Wa ya shimfiɗa titin tasha a takarda, jama'a suna ta iyo a taɓo har yau? Ni. Wa ya ba surukinsa kwangilar kwatamin da ke mayar da ruwa cikin kasuwa? Ni. Ina yin wannan gyaran murya tun Ra'fat na tsotson rake a bayan makaranta. Ba zan zauna wani ya ci gumina ba."

Lauyan ya dafe kai. Bey ya kira shaidu. 'Yan kwangila suka yi ta noƙewa, yana tuna musu ɗaya bayan ɗaya abin da suka kawo da abin da suka samu. Wani ya ce agwagi ne kawai. Bey ya ce ƙarya yake, har da ɗan maraƙi, kuma ramamme. Can gefe wani saurayi daga ofishin mai gabatar da ƙara ya karye alƙalami don sauri, ya ari wani.

Daga ƙarshe alƙali ya juya ga Fanus, wanda ke zaune shiru tun safe kamar a tsoffin finafinansa, ya tambaye shi wa yake kwaikwayo.

Fanus ya ce babu kowa. Ranar da aka ɗauki wurin mura yake yi. An toshe tagogi da barguna don kada na'ura ta ji ƙarar titi, ƙura ta shaƙe shi, mai kamfani kuwa ya ce faifai ya yi tsadar da ba za a sake ɗauka saboda majina ba.

"Shi wannan bawan Allah," ya ƙara da cewa, "wane ne shi?"

Alƙali ya kori ƙarar, ya ce a riƙe mai ƙara. Bey ya tsaya a bakin ƙofa tsakanin 'yan sanda biyu, ya dubi rufi, ya yi wa kotu gyaran murya ta ban kwana. Ɗan sandan da ke damansa ya kau da fuska, ya roƙe shi ya rufe baki kada ya shafa masa mura, yana da yara ƙanana a gida.