Ranar da Sarkin Sifana Ya Ɗaura Famfo

"Famfo? Ni za a gaya wa famfo? Wallahi ko da ɗan yatsan ƙafa na taɓa inji sai ya tashi ya gaishe ni!"

Mai wannan cika bakin, abokina, mai kula da sito ne a wata masana'antar ƙanƙara, kuma mijin ƙanwar Hajiya mai masana'antar. Auren nan shi ne kaɗai takardar shaidarsa. Kullum da sifana a aljihun baya, ba a taɓa ganin ya kwance komai da ita ba sai dai ya sosa ƙeya, shi ya sa ma'aikata suka raɗa masa Sarkin Sifana. Gogan naka kuwa ya ɗauka naɗi ne na gaske.

Abin da ya sa a gaba shi ne kujerar Baba Makaniki, tsohon da ke kula da ɗakin injuna, wanda zai ajiye aiki ƙarshen wata. Har ya gaya wa matarsa kujerar tasa ce, ita kuma ta gama shaida wa maƙwabta.

To, wata shida kafin nan, Hajiya ta sayo wani ƙaton famfo na jan ruwa daga rijiya zuwa tankin sama, ta ce a ajiye saboda ranar da tsohon famfon zai gaza. Baba ya ce, "A sa shi a ciki, inda babu damshi, a riƙa juya sandarsa da hannu duk wata don kada ta cije." Sarkin Sifana ya ce an gama. Sai dai kash, inda famfon zai zauna nan ne yake shimfiɗa tabarmarsa a ƙarƙashin fanka. Sai ya tura shi bayan sito, ya rufa masa yagaggen tamfol, ruwan sama ya yi ta yi masa wanka.

Ran nan da hantsi tsohon famfo ya yi tari biyu ya ce ga garinku nan. Ruwan tanki saura rabi, ga masu kifi za su zo da motoci gobe ɗaukar ƙanƙara. Hajiya ta ɗauki waya za ta kira injiniya.

"Haba Yaya! Ina raye? Ki ba ni awa biyu kacal," in ji Sarkin Sifana.

Ta kalle shi sama da ƙasa. "In ruwa ya hau, ɗakin injuna naka ne. In ka ɓata min aiki kuwa, ni da kai ne."

Da ya yaye tamfol sai ga tsatsa ja wur, har ƙadangare ya tare a ciki. Ya ɗauko guduma ya yi ta jibgar sandar har ta motsa don dole. Sannan ya kawo koren fenti ya lafta masa tun daga kai har ƙafa, don kada Hajiya ta gane. Fentin ya haɗiye tsatsa, ya kuma haɗiye 'yan kibiyoyi biyun da aka zana don nuna bakin da ke shan ruwa da bakin da ke fitarwa. Ga bakunan kuma girmansu ɗaya.

Aka turo famfo ɗakin injuna yana ɗigar fenti. Baba ya zagaya shi ya ce, "Ɗana, ina kibiyoyin?"

"Baba, ai kibiya ta 'yan koyo ce." Ya durƙusa ya leƙa wannan baki, ya leƙa wancan. "Ka ga wannan? Daga gani ƙishirwa yake ji. Shi za a haɗa da rijiya."

Wani ɗan bawul da ke hana ruwa komawa rijiya ya ƙi ɗauruwa, sai ya wurgar da shi, wai ado ne kawai na masu kamfani.

"To ko ka fara cika masa ciki da ruwa kafin ka kunna?" in ji Baba. "Ba a tayar da famfo a bushe."

Sarkin Sifana ya tuntsire da dariya. "Jama'a ku ji min tsufa! Famfon da zai ba mu ruwa, shi za mu fara ba ruwa?"

Baba ya nemi benci ya zauna.

Aka danna makunni. Kai, abin mamaki, famfo ya ɗauka lafiya lau, ruwa na gudu a bututu shuuu! Baba kansa sai da ya cire hula ya sosa kai. Sarkin Sifana kuwa daɗi kamar ya kashe shi. Ya ɗora ƙafa ɗaya a kan famfon ya shiga yi wa Hajiya da ma'aikata lacca a kan ilimin inji. Tsakiyar lacca ya kira matarsa da ƙarfi don kowa ya ji: "Uwargida, ki shirya, daga yau matar shugaban injuna ce ke!"

Ya shafe rabin awa yana zuba, sai ga matar da ke cika gwangwanayen ƙanƙara ta shigo da tiyo a hannu.

"Hajiya, ruwa ya ɗauke fa."

"Iska ce a bututu, yanzu zai dawo," in ji gwani.

Baba ya hau tsani ya ƙwanƙwasa tanki, tanki ya amsa ƙwangwaram. Ya sauko ya ɗaga murfin rijiya, kowa ya leƙa. Ga ruwan Hajiya nan yana kwarara ciki da ƙarfin sabon famfo. Ashe a juye ya ɗaura shi! Abin da ya sa bai nemi a cika masa ciki ba, ruwan tanki ne ke gangaro masa da kansa, shi kuma yana aikawa rijiya babu ha'inci. Kafin a kai ga kashewa, ya zuƙe ɗigon ƙarshe, ya yi ƙara, ya turnuƙe ɗakin da hayaƙi.

Gumi ya karyo wa Sarkin Sifana. "Yaya, a fannin ilimi, ruwan bai ɓata ba. Yana nan ƙasa a ajiye."

"Haka ne," in ji Hajiya, ko ɗaga murya ba ta yi ba. Ta aika aka kawo guga da igiya, ta danƙa masa a hannu, ta nuna masa rijiya, ta nuna masa tsanin tanki.

"Kujerar mai kula da famfo ka nema, na ba ka wadda ta fi ta. Daga yanzu har tankin nan ya cika, kai ne famfon." Ta juya wajen tsohon. "Baba, kunna shi."