Hannun Da Na Ɗaure Da Mazagin Wando

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar har na gaji, da ranar da na je gaida Alhaji Mati da hannuna ɗaure a mazagin wando. Yanzu na tsufa, ƙarfin ɓoyo ya ƙare mini, bari kawai in faɗa.

Lokacin Nasara na mulki, ni kuwa ina ɗan akawu a biron kumandan, wato ofishin Bafaranshen da ke riƙe da gari, a Dakoro. Aikina bai wuce kwafe takardu da buga hatimi ba, amma in ka ga yadda nake ratsa kasuwa cikin kaki sai ka rantse da ni ake shawarar ƙasa. Duk wanda ya tambaye ni asali sai in ce ni ɗan Maradi ne, ubana ɗan kasuwa ne, ya rasu. Ƙarya ce tsagwaronta. Ubana Agali yana nan da ransa a wani ƙauye wajen Tagriss, Buzu ne, yana noman hatsi yana kiwon awaki da ƴan raƙuma. Tun a lakwal, wato makarantar boko, inda yara suka sa ni gaba da tsokana saboda harshena, na fara jin kunyar gidanmu. Da na gama na koma gida, baba ya yanka akuya ya naɗa mini rawani da amawali, wato ɓangaren da ke rufe baki, ya ce na zama namiji. Shekara biyu ina naɗawa. Ranar da takardar aiki ta zo kuwa, tun kafin in hango Dakoro na warware shi na cusa a jaka.

To, rawani ya fita, hannu ya ƙi yarda. A wurinmu namiji ba ya barin bakinsa a fili gaban babba. Da zarar dattijo ya doso sai ka ja amawali sama har hanci. Ni ba amawali, amma da na ga babba sai hannun damana ya tashi da kansa, yatsu biyu su kama iska, su ja ta zuwa hanci. Kumandan ya tambaye ni ko ciwon haƙori nake. Na je wajen likita ya ba ni kinin, maganin zazzaɓi (a zamanin nan ko ƙaya ka taka kinin ne). Na daina cin abinci sosai, na rame. Garin cike yake da masu rawani, kowa ya san wannan jan hannun. Ga shi kuma ina neman Hadiza, ɗiyar Alhaji Mati mai fataucin hatsi, kuma na tabbatar wa kaina ranar da aka gane ni ranar zan rasa ta.

Sai aka ce in je wurin Inna Delu, wata tsohuwa a bayan kasuwar dabbobi, wadda masu ciwon rai ke zuwa wurinta. Na tarar da ita a inuwa tana kaɗi. Ba turare, ba ƙullin magani, ba komai. Na gaishe ta, hannu ya yi halinsa, ta dube shi ta ci gaba da murza mazari.

"Zamna, ɗana. Kai ɗan wa ne?"

Na karanto mata ƙaryar Maradi tiryan-tiryan.

"Allah shi jiƙan shi," ta ce. "To, mi yake ce maka in ka yi laifi kana yaro?"

Ban taɓa ƙago wa mamacin nan murya ba. Na ce, "Inna, ni magani na zo nema."

"Maganin ke nan. Kai ka faɗi, ni in ji. Ba yau za ya ƙare ba, sai ka yi ta zuwa."

Kai, raina ya ɓaci! Ni da ke karanta Faransanci, in zauna ina ba tsohuwa labarin yarintata? Na kaɗe wando na tafi, na ce ba da ni ba.

Ba a yi kwana goma ba Alhaji Mati ya aiko yana son ganina. Da ma abin da ya kamata shi ne manyana su je masa, to wa zan tura, tunda na kashe su duka da baki? Nan fa hankalina ya tashi, don gaban suruki ne hannun nan zai fi rawar jiki. Sai na yi wa kaina dabara (har na yaba wa kaina, wallahi). Na aro babbar riga da wando mai mazagi, na zura hannun dama ta ciki, na ɗaure wuyan hannun tamau da bakin mazagin. Lissafina shi ne yaro ba ya musafaha da suruki: in durƙusa, in gaida shi, in sunkuyar da kai, shi ke nan.

Na shiga zaure bayan la'asar. Mutum shida ko bakwai na zaune, har da masu raƙuman da ke yi masa dako. Abin da ban sa a lissafi ba, Alhaji mutum ne mai girmama ma'aikatan bariki. Yana ganina ya miƙe tsaye, ya miƙo hannu, ya ce, "Marhaba da mushe!" (haka ake kiran ma'aikaci, daga "monsieur" na Faransanci).

Jama'a, dattijo na tsaye da hannu a miƙe, wa zai tsaya tunani? Na fizgo hannu da ƙarfi. Ƙullin wuyan hannu bai kwance ba, na wando ne ya kwance. Na ji iska ta ratsa ni, wandon aro ya sulale ya taru a idon sawuna. To, ai mai hankali wando zai kai wa cafka. Ni kuwa hannuwana biyu, dama da hagu, suka tashi tare suka rufe bakina har hanci, mazagi na reto a haɓata, rigar kuma ta ɗage har gwiwa.

Can sai wani tsoho cikin masu raƙuman ya ja nasa amawalin sama, kafaɗunsa na rawa, ya ce da harshenmu, "Wannan namu ne." Mutane suka fashe, wani har da buga ƙasa. Alhaji kaɗai bai yi dariya ba. Ya jira na ja wandon na tsuguna, sannan ya ce a hankali, "Yaro, ka ce mini ubanka ya rasu. Watan jiya na sayi raƙumi a hannunsa. Na kira ka ne in ji ko za ka faɗi da bakinka. Da ɗan Agali ya zo, da mun yi magana. Wanda ya zo yau ban san ɗan wa ne ba."

Ban san yadda na fita ba. Kwana uku ban je biro ba. A na huɗu ƙafafuna suka kai ni bayan kasuwar dabbobi. Inna Delu ba ta ce "na faɗa maka" ba (da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi). Ta tura mini tabarma da ƙafa.

"Kai ɗan wa ne?"

Sai da na yi kusan rabin awa kafin sunan ya fito, kuma da kuka ya fito, ƙato da ni. Daga nan na riƙa zuwa duk mako. Ita kaɗi, ni surutu. Wata rana in yi ta zagin yaran lakwal, wata rana in yi ta zagin kaina, sai ta ce, "To, ya isa, wannan ba naka ba ne, aje shi." Abin gajiya ne, ba na ɓoye muku, sau da yawa na fi son a yi mini ƙaho da wannan tonon. Amma a hankali abinci ya fara shiga. Na fara amsa wa masu rawani gaisuwa da harshenmu a tsakar kasuwa, kuma sama ba ta faɗo ba.

Kafin in warke Hadiza ta yi aure, wanda take so ta aura, wani tela mai uba da kawunnai. Ban ga laifinta ba.

Bayan damina na ɗauki hutu na tafi gida da rawanina a kai. Na tarar da baba yana gyaran igiyar rijiya. Na durƙusa na fara kame-kame, wai aiki ne ya hana ni zuwa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Na sha ganinka a kasuwar Dakoro, kaki ya yi maka kyau. In ka doso nakan ja amawali har ido in juya baya, kada in ɓata maka aiki."

Wannan maganar ta fi faɗuwar wandon zafi, har yau kuma ba ta huce ba. Abin da na koya dai ɗan kaɗan ne, kuma da tsada na saye shi: in abu na cin ka a rai, nemi mai haƙurin saurare ka zauna ka amayar tun kana da sutura a jiki. In kuwa ka ƙi, ka ce kai mai dabara ne, to don Allah ka sayi wando mai maɓalli.