Ranar da Na Cinna wa Rigata Wuta a Gaban Majalisa

Shekaruna saba'in da huɗu a duniya, kuma ko Allah ya ƙara mini wasu saba'in ba zan taɓa mantawa da abin da na jawo wa kaina bara waccan ba, a zauren majalisar garinmu a Sokodé.

Jikata Rakiya ce za ta yi aure. Kakan angon, Alhaji Bukari, mai manyan motoci ne a Dapaong, kuma tun muna samari muke gasar girma ni da shi. Na riga na yi masa alkawari cewa amarya za ta shigo zauren biki tsakanin tartsatsin wuta, irin wanda ake kunnawa a bukukuwan zamani. Kwatsam sai aka ce majalisa za ta zauna kan hana kunna shi a cikin gini, ta kuma duba ko za a ci gaba da nuna zamanta kai tsaye ta intanet.

Batu na biyun, ni ne na fi kowa ɗaga murya a kansa a zaman baya. Na ce mai gaskiya ba ya tsoron ido. (Gaskiyar ita ce, na ji takaicin yadda fasahar bakina ke ƙarewa tsakanin bango huɗu.) Don haka na buga wa Alhaji Bukari waya, na ce ya tara iyalinsa su kalli yadda dattijo ke magana.

Na sa babbar rigata ta shadda, na shafe ta da turare har sai da Hajiya, uwargidana, ta yi tari.

"Alhaji, me za ka sa a ciki?"

"Wa zai ga ciki?" in ji ni. Zafi ake yi, sai na jawo abin da ya fi kusa da hannu.

A majalisa, jami'in kashe gobara ya yi bayani kan haɗarin wuta a zauren biki mai labule da rufin roba da ƙofa ɗaya. Na saurare shi da irin haƙurin da ake yi wa yaro. Da aka ba ni dama, na miƙe, na fuskanci na'urar ɗaukar hoto, na zaro sandar tartsatsi daga aljihu.

"Baba Alhaji, don Allah kada ka kunna," in ji magajin gari.

"Ranka ya daɗe, ido ya fi kunne shaida."

Na kunna. Ta yi kyau ƙwarai. Na riƙe ta a hannun hagu ina jawabi, kalmomi na zuwa kamar an buɗe famfo. To, duk wanda ya saba da babbar riga ya san cewa idan magana ta yi daɗi, hannu da kansa yake saɓa riga a kafaɗa. Na saɓa. Na saɓa ta a kan wutar.

Shadda mai turare ba ta jiran shawara. Na yi kabbara da wata murya wadda ban san ina da ita ba, na tuɓe rigar na yar, wata 'yar majalisa ta juye mata ruwan sha, sauran ta watsa mini. Sai ga ni tsaye a jiƙe, cikin rigar tallan dunƙulen miya da aka ba Hajiya kyauta a kasuwa, ga hoton kaza tana murmushi a kan tumbina.

Ba a yi muhawara ba. Aka hana tartsatsi baki ɗaya, magajin gari ya gode mini da "gamsasshen bayani". Aka kuma amince a ci gaba da nuna zama, bisa hujjar da ni na kawo.

An ɗaura aure lafiya, ba tartsatsi. Alhaji Bukari ya rungume ni a gaban jama'a, sannan ya kai bakinsa kunnena.

"Suruki, ina gajiya? Yaya kaza?"

Na koyi cewa wanda zai gayyaci ido, ya fara duba abin da ke ƙarƙashin rigarsa. Shaiduna kuwa: magajin gari, 'yan majalisa, direbobin tasha, iyalin Alhaji Bukari kaf, da Hajiya, wadda har yau take neman in biya ta rigarta.