Kun Shafe Fuskar Matata, Kun Bar Mazaunan Barry

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Fina-finai na Marlcroft, magajin tsofaffin faya-fayai, mai wanke abin da ya dafe, a ofishinsa da ke Landan.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da lauyoyinka, waɗanda na ji an ce yanzu sun fi masu ɗaukar hoton kamfanin yawa.

Sunana Len Hepworth, mutumin Skelby ta bakin teku. Faranti da kofunan shayi na sayar a kasuwar garinmu, tun ina da gashi har hukuma ta rushe kasuwar ta mai da ita wurin ajiye motoci. Na yi makaranta gwargwadon da zan iya rubuta maka wasiƙa, na kuma yi kasuwa gwargwadon da zan gane in an ɗora babban yatsa a kan tsagin faranti ana yi mini murmushi.

Na rubuto ne game da fim ɗinku, "Katifa Ta Iso, Uwargida", wanda magabatanka suka ɗauka a garinmu a 1976. Na san a Landan ba a ambatonsa a gaban baƙi. Mu kuwa duk shekara, in sanyi ya kama, mukan taru a zauren kulob ɗin ma'aikata, da giya da kifi da soyayyen dankali, mu kalle shi daga farko har ƙarshe. Kada ka yi mana mummunan zato. Ba 'yan wasan muke kallo ba, ta gefen kafaɗarsu muke leƙawa. A can ne tsohon garinmu yake, da kasuwarsa, da iyayenmu suna wucewa da jakar cefane. Bara na'ura ta tauna kaset ɗinmu ta tofar. Da muka ji kun sake fitar da fim ɗin a wanke tas, har tafi aka yi. Ranar Asabar muka kunna, sai muka tarar kun shafe fuskar duk wani ɗan Skelby da ke ciki. A cikinsu akwai ta matata Glenda, Allah ya jiƙanta. Ita nake nema a maido mini. Amma bari in bi abin daki-daki, kada a ce tsoho ya zo da hayaniya.

Na ɗaya. Ban zo kushe fim ɗin ba, domin masu jarida sun riga ni tun yana sabo, ba su rage mini komai ba. Labarin dai shi ne, Barry Platt yana kai katifa gida-gida. Kowace ƙofa ya ƙwanƙwasa, matar gida ce za ta buɗe da rigar barci da rana tsaka. Ranka ya daɗe, ina tambaya cikin ladabi, me suka gani a jikinsa? Mutumin da haƙoransa ke riga shi shiga ɗaki, ga ƙafafu kamar na kujera mai naɗewa? Ni na fi shi kyan gani a lokacin, ga bakin talla, amma iyakar abin da matan Skelby suka taɓa nema a wurina shi ne ragi. To, da an kwantar da katifa sai maigida ya dawo ɗaukar abin da ya manta, Barry ya dira ta taga, wando ya maƙale a ƙusa. Haka a gida na farko, haka a na ƙarshe. An sayar wa jama'a tikiti da sunan za su ga ɓarna, amma har aka tashi ba wanda ya samu damar aikata ko rabin zunubi. Limamin cocinmu na lokacin ya shiga sinima da hula a rufe da ido don ya samu abin tsinewa. Ya fito yana cewa bai taɓa jin wa'azin da ya kai wannan hana neman matan mutane ba: ga wahala, ga sanyi, ga asarar wando. Wannan yabo ne, ka rubuta shi a bayan kwalin.

Na biyu. Ɗakin kwana guda ne a fim ɗin gaba ɗaya, na Misis Ogden mai gidan saukar baƙi. Labule kawai ake canzawa a ce an shiga wani gida. Mun yafe. Amma ba wanda ya gaya wa kyanwar Misis Ogden, don haka kowace mata a fim ɗin kyanwa ɗaya gare ta, mai guntun kunne, a kwance a kan taga tana kallon Barry da raini. Wanda ya fito a ɗan sanda kuma shi ne likita, shi ne mijin mace ta uku, gashin baki kaɗai ake sauya masa, wani lokaci ma a karkace. Duk wannan ba mu taɓa ƙorafi ba. Ni ɗan kasuwa ne, ina girmama mai iya sayar da kofi ɗaya sau uku.

Na uku. A labarin, tsakiyar lokacin zafi ne. A gaskiya kuwa watan Fabrairu ne, domin a lokacin ne ɗakunan haya ke araha. Aka tsayar da 'yan matan mutane a bakin teku da kayan wanka, iska na neman ɗauke su, suna lasar askirim suna cewa, "Kai, yau rana ta yi zafi!" alhali tururi na fita daga bakinsu. A tsohon kaset ba a gani sosai, sai mutum ya kawar da kai. Yanzu da kuka wanke hoton, ana ganin leɓunansu sun yi shuɗi, tsikar jikinsu ta tashi ɗaya bayan ɗaya. Avril, ƙanwar Glenda, ta kasa daurewa, ta miƙe a zaure ta ce, "Don Allah wani ya miƙa wa yarinyar nan bargo! Ina uwarta take?" Ranka ya daɗe, shin akwai wani fim na sha'awa a duniya da ke sa tsofaffin mata neman allurar saƙa?

Na huɗu, kuma a nan maganar take. Akwai wurin da Barry ya gudo ba wando ya ratsa kasuwa. Magabatanka, don tsimi, ba su ɗauki 'yan cika wuri ba, ba su kuma gaya wa kowa ba. Sun ɓoye kyamara a cikin motar burodi, suka huda gefenta, suka saki Barry a cikin kasuwar gaske ranar Asabar, daga shi sai riga da safa. Ina can ina jera faranti a hannu ina cewa, "Ba zan ce fam biyu ba, Uwargida, ba zan ma ce ɗaya da rabi ba," sai na ji ihu ya taso daga layin masu kabeji. Maza suka dare. Wilf mahauci, da wuƙarsa da ƙirjinsa, ya shige ƙarƙashin teburi. Glenda ce kaɗai ta fito daga rumfar kifinta. Ba ta san wani fim ba, ita dai ta ga ƙato tsirara ya nufo inda yara suke. Ta kamo wani ƙaton kifi ta wutsiya, ta tare hanya ta ce, "Kai, ɗan iska! Nan gidan ubanka ne?" Ta zabga masa shi a kunne. Barry ya tafi da baya ya zauna daɓas cikin kwandon tumatir, ya ce, "Baiwar Allah, wasa ne!" Ta ce, "Ni ma wasa nake," ta ƙara masa a ɗaya kunnen. Sannan ta dube shi sama da ƙasa, a wannan sanyi, ta ce, "A kan ɗan wannan abin ka tayar mana da kasuwa?" Ta fashe da dariya har tana dafa gwiwa.

Ba marubucinku ne ya rubuta wannan ba, shi ya sa ya yi daɗi. Nan ne kaɗai ake dariyar gaske a fim ɗin, har wani mai sharhi a jarida ya ce matar kifin ta fi duk 'yan wasan iya aiki. Ba a ba ta ko kofin shayi ba, kifin ma sai a gida muka ci shi. Ba ta damu ba. Har ta bar duniya, baƙi in sun zo hutu sukan tsaya a rumfarta su ce, "Ke ce?" ta ce, "Ni ce. Sayen kifi za ka yi, ko kai ma ɗanɗanawa za ka yi?"

Na biyar. A farkon sabon fim ɗin kun rubuta cewa an ɓoye fuskokin mutanen gari don kare mutuncinsu, tun da ba a nemi izininsu ba. Madalla da wannan kunya, ko da ta iso a makare. Sai dai ga abin da muka gani. Mazaunan Barry sun fito fes, kamar a miƙa hannu a taɓa, har wani ɗan ƙurji da ba mu taɓa sanin yana da shi ba. Mutanen Skelby kuwa, kowa an ɗora masa curin kwaɓaɓɓen dankali a wuya. Kifin Glenda ma ana ganin idonsa, ita ba a ganin nata. Ashe shi kifin ya ba da izini?

Da ka ga zauren nan. A al'ada, in fim ya zo wurin kasuwa kowa tashi yake yana nuna nasa. Wannan karon Wilf ya matsa har jikin allo, ya cire tabarau ya mayar, ya ce, "Len, wanne dankalin ne babana?" Na ce, "Mai hula." Ya ce, "Dukkansu masu hula ne, tsohon banza." Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Da Glenda ta ɗaga kifi, inda aka saba buga tebura har kofuna su yi tsalle, ba wanda ya buga ko sau ɗaya. Muryarta na nan, dariyarta na nan, tana fitowa daga inda ba baki. Avril ta ɗauki jakarta ta ce za ta duba ko ruwan shayi ya tafasa. Ba a ɗora ruwa ba.

Ranka ya daɗe, mutuncin wa aka kare? Matar da ta tsaya ita kaɗai a gaban kasuwa, ita ce abin ɓoyewa, mai gudu ba wando shi ne abin haskawa? In na'urarku ta iya shafe fuska ɗari, shin ta gaji ne da ta iso ƙugun Barry?

Ga roƙonmu. Izinin da ba a nema ba a lokacin, mun bayar yanzu. An ɗaga hannu a kulob, masu rai sun ɗaga don kansu, magada sun ɗaga don matattu. Iyalan marigayi Norman Pickles kaɗai suka ce a bar tasa a shafe, domin matar da ke rataye da hannunsa a layin furanni ba Misis Pickles ba ce. Duk gari ya sani, amma sun ce sun gaji da gani duk shekara. In kuma dole sai an shafe wani abu don lauyoyinka su ci abinci, to a kwashe dankalin nan duka a liƙa wa Barry inda ya dace. Ba mai kewarsa. Shi kansa, in yana raye, ina jin zai aiko maka da katin godiya.

Kada ka ce in je in duba hotunanta. Ina da su cike da akwati, na biki, na coci, na bakin teku. Amma Glenda in ta ga kyamara sai ta tsuke baki ta ƙame, kamar mai jiran allura. Duk cikinsu babu matar da na aura. Sau ɗaya tak aka ɗauke ta ba ta sani ba, kuma ku kuka yi, ta hudar motar burodi, don rowa. Na girma yanzu, Ranka ya daɗe. Farashin farantin da na sayar tun ina saurayi yana nan a kaina, amma in na rufe ido ina neman yadda fuskarta take in tana dariya, wasu ranakun sai na daɗe ina lalube. A da nakan ce ba komai, sanyi na zuwa, zan gani a kulob.

Asalin faifan yana hannunka. Ba gyara nake nema ba, ba wanki ba. A ba ni shi da dattinsa.

Allah ya ƙara wa kamfani ɗaukaka, ya sa fina-finanku na gaba su samu ɗaki na biyu.

Naka mai biyayya, mai jira a kujerar gaba,

Len Hepworth,
Tsohon mai faranti, mijin matar kifi,
Skelby ta bakin teku.