Bargon Kaka Verna Da Ranar Fabrairu

"…lafiya lau, Kaka, sai dai yatsuna da suka kusa karyewa a kan aikenki. Ga zarenki."

Haka Soren ya shigo kicin ɗin kakarsa Verna, ƙanƙara na zuba daga takalmansa, ya dire ƙullin shuɗin zare a kan tebur. Ni maƙwabciyarta ce, na shigo shan kofi ne kawai. Mu matan zumunta na cocinmu a Duluth, can arewacin Amurka, kowace shekara mukan saƙa bargo, kowacce da nata, layi ɗaya kowace rana, launinsa daidai da yanayin ranar: shuɗi in sanyi ya tsananta, ruwan goro in rana ta buɗe. Ranar Lahadi za mu baje na bara a zauren coci. Verna kuwa ta kanannaɗe nata a cinya, ta ɗora gwiwar hannu a kai.

"Ja'iri, sai yanzu? Na ɗauka ka auri mai kantin ne."

"Ta tambaye ni ko kina nan da rai, na ce da sauranki. Amma tsohuwa, me za ki yi da shuɗi? Ba kin gama bargon ba?"

"Gyara zan yi."

"Mu gani."

"Cire hannunka, ɓera!"

Ina! Ya riga ya fizge gefe ɗaya, bargon ya warware har ƙasa. Janairu shuɗi ne kamar na kowa. Amma a tsakiyar Fabrairu, inda nawa ya yi duhu kamar gindin tukunya, sai ga ruwan goro shimfiɗe, faɗin tafin hannu biyu.

"Kai! Kaka, wannan wace rana ce ta fito miki ke kaɗai? A Fabrairun baran nan motata ta daskare har na yi mata kuka."

"Idona ne. Na tsufa, ba na bambance launi."

"Ke da kike hango ƙura a bayan kunnena daga bakin titi?"

"To fitilar ce ba ta da haske."

"Tsaya tukuna. Ba a Fabrairu kika ce mana kin tafi Fargo jinyar Inna Dagny ba? Fargo da ta fi nan sanyi?"

"Ɗakinta akwai ɗumi."

"Ɗumin da ya mayar da ke baƙa? Kin dawo hancinki na saɓa, kika ce mana zazzaɓi ne."

Verna ta sunkuyar da kai, kunnuwanta suka yi ja. Wallahi ni da nake gefe sai da kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona, na zuba shi cikin kofina. Ni ce fa na yi ta ba kyanwarta abinci, ina yi wa Dagny addu'a.

"Arizona na je, can kudu inda ake zafi," ta ce can ƙasa.

"Ke da wa? Ko babban titi ba kya hawa da mota."

"Arvid ne ya tuƙa."

"Arvid mai kaɗa ƙararrawar coci? Mai kunne ɗaya? Kaka! Ke da kika hana ni zama da yarinya a falo sai ƙofa a buɗe!"

"Rufe min baki, mara kunya. Ɗakinsa daban, nawa daban."

"Ke da za ki yi ƙarya, me ya sa ba ki saƙa shuɗin ba tun a can?"

"Bakina ne ya iya ƙarya, hannuna bai iya ba. Kullum da safe sai in leƙa waje in ɗauki abin da na gani. Ban tuna ba sai jiya, da na ga na Lorna 'yar zumuntarmu a shanye." Ta jawo bargon, ta laluɓo bakin zaren da kwarashi. "In na kai shi haka, matan nan za su cinye ni ɗanya. Shekara nawa ina yi musu wa'azin kamun kai? Warware shi zan yi."

Ta riƙe zaren. Muka jira. Ba ta ja ba.

"Tun da aka binne kakanka," ta ce, "ban ji ɗumi a jikina ba sai a waɗannan layukan."

Nan Soren ya saki gefen bargon. Ya sosa ƙeya, ya dubi takalmansa, kunyar ta dawo kansa. Can ya miƙa hannu a hankali ya ɗauke ƙullin zaren, ya cusa cikin rigar sanyinsa.

"Af, na manta ban gaya miki ba. Shuɗi ya ƙare a kanti."

"Ga shi can yana leƙowa daga hammatarka."

"Wannan gashina ne. Ya ƙare a jihar nan gaba ɗaya, har Kanada an bincika."

"Maƙaryacin banza."

"A gida na koya."

Dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har ta share ido da gefen bargon. Ta tura masa farantin kek ɗin da ta hana ni tun shigowata.

"Ci, ɗan nema. In ka gama ka biya ta gidan Arvid, ka yi magana ta wajen kunnen mai kyau. Ka ce ya zo ya ɗauke ni ranar Lahadi, bargon nan ya fi ƙarfina ni kaɗai."